Baba Ya Fita da Ƙahonsa

Talata, 4 ga wata, 7:15 na safe

Baba bai dawo ba.

Ɗan sandan da ke kan kanta ya ce in riƙa rubuta duk abin da na tuna, da rana da lokaci, wai yana taimakawa. Shi ya sa na ɗauko wannan littafin. Na Mama ne, na awon ɗinki, rabinsa babu komai.

Abin da na tuna. Jiya Litinin na fita aiki bakwai saura kwata. Na dawo biyar da rabi, na tarar da ƙofa a buɗe. Baƙin takalminsa ba ya nan, kwat ɗinsa ruwan toka ba ya nan, akwatin ƙahonsa na busa da ke ƙarƙashin gado ba ya nan. Maganinsa na rana yana kan tebur cikin murfin kwalba, yadda na ajiye. Shekararsa saba'in da tara. Yana da ciwon mantuwa.

Ɗan sandan ya tambaye ni ko mun yi wata magana kafin in fita. Na ce yadda muka saba.

Talata, 6 na yamma

Na zuba abinci kwano biyu. Na mayar da ɗaya tukunya.

Laraba, 5 ga wata, 1:30 na rana

Na zo aiki, kamfaninmu na ɗinki. Shugabar layinmu ta ce in koma gida, na ce gara nan. Wuyan rigunan makaranta muke haɗawa wannan makon, farare. Keken ɗinki na tafiya, hannu na turawa, ba sai an yi tunani ba.

Yaya ya kira daga hanya, yana can da tankarsa, kwana uku tsakaninmu. Ya ce, "Ta yaya ya buɗe ƙofar? Ba kulle shi kike yi ba?"

Na ce ina kullewa.

Ya ce, "To?"

Na ce layin ba kyau.

Alhamis, 6 ga wata, 7 na safe

Matar bene na sama ta sauko. Ita ce mai dira mana ƙafa a kan rufi duk lokacin da Baba ya fara busa da sassafe, sau biyu tana kai ƙararmu wurin mai gidan. Ta kawo hotunansa da ta buga a ofishinsu, da lambar wayata a ƙasa. Ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen mayafi. Ta ce, "Gidan ya yi shiru."

Na ce eh.

Juma'a, 7 ga wata, 4 na yamma

Na ɗauki hutu na je unguwarmu. Har yanzu unguwarmu nake cewa, alhali shekara ashirin da shida ke nan da rushe ta. Gadar sama ta bi ta kan layin masu wanki da layin sinima. Inda gidajenmu suke, yanzu filin ajiye motoci ne na wani babban kanti, an zana fararen layuka an sa lambobi. Rabona da wurin tun ranar da aka loda mu a manyan motoci, Mama na rungume da kan kekenta na ɗinki, Baba na zaune a kan katifa ya juya wa unguwar baya.

Maigadin filin ya kalli hoton ya ce, "Tsohon nan mai akwati? Ya zo Litinin da rana. Can ya tsaya, wajen lamba arba'in da wani abu, yana tambayata layin famfo. Na ce Baba, nan babu famfo sai a bayin kanti."

Na ce, "Ya buɗe akwatin?"

"Ya buɗe, har ya kai bakinsa. Ni kuma aikina ne, baiwar Allah, na ce ba a yi a nan. Ya ce in yi haƙuri, ya rufe abinsa. Mutum mai ladabi. Ya bi ta ƙarƙashin gada."

Na je wajen lamba arba'in da wani abu na tsaya. Na so in gane ko ɗakinmu ne ko tsakar gidan maƙwabta. Wata mota ta yi mini ham, na matsa.

Na shiga kantin don in wanke fuska. Ina tsakanin kantocin sabulu sai na ji lasifikar rufi tana sakin "A Rufe Famfo." Kiɗan su Baba ne, amma da inji aka sake buga shi, babu ƙaho, babu murya. Yarinyar da ke jera kaya tana kaɗa kai. Na ce mata waƙar wa ce wannan. Ta ce, "Tsohon kiɗa ne, Anti. Na kowa ne."

Na wanke fuskar na fito.

Asabar, 8 ga wata, 6:40 na yamma

Na je wurin Gwaggo Zabiya. Ita ce muryar ƙungiyar su Baba, ba mu haɗa jini ba amma a bayanta na yi wayo. Mota biyu zuwa gidanta, can ƙarshen gari inda aka zube rabin mutanen unguwarmu. Na yi tunanin ko wurinta ya nufa. Bai zo ba.

Idonta ya tafi, bakin yana nan. Ta shafa fuskata ta ce, "Auta, kin tsufa. Wa ya ba ki izini?"

Ta hana ni tashi. Ta fara labari, na bar ta. Wai mutanen da suka kafa unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ne da masu dako, daga ko'ina aka kwaso su, wannan ba ya jin yaren wancan. Abin da kowa ke ji shi ne bugun masu wanki a kan katako tun safe: bugu biyu, a ɗan tsaya, bugu biyu, a ɗan tsaya. Kawu Mai Ganga ya ɗauke shi ya ɗora a fata. Wurin tsayawar nan kuma Baba ya cusa ƙahonsa a ciki. Ta ce, "Shi ke nan kiɗan namu, babu wata dabara. Masu ilimi sun zo daga baya suna ta rubuce-rubuce, mu dai wanki muka ji."

Ta tuna gidan rawan bayan sinima mai rufin kwano, wanda in ana ruwa sai Kawu ya ajiye sanduna ya ce sama ta karɓe shi aiki. Ta ce waƙoƙin a layin famfo ake gwada su. In mata masu jiran ruwa suka ɗauka kafin bokiti ya cika, waƙa ta yi. In ba su ɗauka ba, a jefar.

"Ubanki da yunwa ya fi iya busa. Mamanki ta gano haka, duk Asabar sai ta ɓoye tukunya."

Ta yi dariya har da tari. Sannan ta ce, "Har yanzu yana tambayarta?"

Na ce kullum.

"Me kike ce masa?"

"Ta je kasuwa."

"Shekara shida tana kasuwa. Allah ya jiƙanta, dama ba ta iya ciniki da sauri ba." Ta juyo da fuskarta daidai inda nake, kamar tana gani. "Ranar Litinin ma haka kika ce masa?"

Na ce mota za ta wuce ni, Gwaggo.

Lahadi, 9 ga wata, 11 na safe

Na wanke zanen gadonsa. Ba datti ya yi ba.

Litinin, 10 ga wata, 5:50 na yamma

Mako guda. Na manna hotuna a tashar jirgi, da tashar mota, da bakin kasuwa. Wani ya riga ya manna tallar maganin basir a kan na bakin kasuwar, kunnen Baba kawai ake gani.

Kwano biyu. Na mayar da ɗaya.

Talata, 11 ga wata, 2 na rana

'Yan sanda sun kira, sun ce in je babban asibiti, ginin baya, in sauka ƙasa, inda ake ajiye gawa. Na je. Akwai sanyi. Mutumin wurin yana cin gyaɗa, ya goge hannu a rigarsa kafin ya ja abin.

Ba shi ba ne.

Na koma aiki, na haɗa wuya talatin da ɗaya kafin a tashi. Shugabar layi ta warware shida, ta ce a juye na sa su. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na fi so.

Alhamis, 13 ga wata, 8 na safe

Yaya ya iso jiya. Ya zagaya asibitoci huɗu da ofishin 'yan sanda uku, ya ɗaga murya a ko'ina, ya dawo ya zauna a kujerar Baba. Shi tun yana yaro ba ya son kiɗan nan. Ya ce ƙaho ne ya cinye mana uba tun yana da hankalinsa, yanzu kuma ya ƙarasa.

Da safen nan na same shi tsaye yana kallon ƙusar da nake rataye mukulli. Ya ce, "Auta."

Na ce ruwan wankanka zai huce.

Juma'a, 14 ga wata, 12 na rana

Yaya ya koma, kamfaninsu ba ya jira. A bakin ƙofa ya ce, "Shekara shida ke kaɗai. Na sani."

Gwaggo ta kira. Ta ce gobe ƙarfe huɗu in zo ƙarƙashin gadar unguwarmu da hoton. Na ce me za a yi. Ta ce, "In ubanki yana garin nan, ranar Asabar ƙafarsa ta san hanya ko kansa bai sani ba."

Asabar, 15 ga wata, 7:30 na yamma

Su tara suka zo. Ban san sun kai haka ba. Gwaggo ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya a waya. Kawu Mai Ganga ya zo da sandar dogarawa a hannu ɗaya, ganga a ɗaya. Mai jita ya zo, jitar saura tsirkiya huɗu. 'Yan amshi biyu, ɗaya a keken guragu, 'yarta na turawa. Sauran mutanen layinmu ne kawai, masu rawa a da. Wasu rabonsu da juna tun ranar manyan motoci.

Kafin a fara sai da aka yi rabin awa ana musun inda famfo yake. Kawu ya nuna gindin ginshiƙi na uku. Mai jita ya ce ƙarya ne, wajen kwandon shara ne. Gwaggo ta ce, "Ni makauniya na fi ku gani, ku juya ni gabas." Aka juya ta, ta nuna ƙofar kanti. Kowa ya tsaya a kan bakansa.

Maigadin filin ya leƙo ya ce ƙarƙashin gada ba hurumin aikinsa ba ne, ya koma.

Suka fara. Motoci na wucewa a samanmu, gadar na rawa. Hannun Kawu yana karkarwa har sai ya taɓa fata, daga nan ya daina. Muryar Gwaggo ta dushe amma ba ta kauce ba. Bugu biyu, a tsaya. Bugu biyu, a tsaya. Ba wanda ya cike wurin tsayawar. Mai jita zai iya, bai yi ba. Duk inda ƙaho ya kamata ya shigo sai su bar shi fili, kowa ya kalli hanya.

Mutane suka taru. Masu fitowa daga kanti da ledoji, direbobi, wasu 'yan mata suna ɗauka a waya. Wani mai kwat da jaka ya ajiye jakar ya taka rawar daidai, irin takun da ake ja da ƙafar hagu. Na tambaye shi daga baya, ya ce kakarsa ce ta koya masa a tsakar gida, bai taɓa sanin daga inda ta samo ba.

Ni ina tsaye a gefe, na ɗaga hoton a ƙirji, kamar allon talla.

Sun yi waƙa bakwai. Shida da kwata Kawu ya kife gangar. Gwaggo ta ce, "Ya makara ne. Dama ɗan latti ne." Ba wanda ya yi dariya.

Hannuwana sun yi tsami. Abin da na ji ke nan.

Lahadi, 16 ga wata, 9 na safe

Ban tashi ba sai yanzu. Babu dalilin tashi shida.

Litinin, 17 ga wata, 6:15 na yamma

Ɗan sandan ya ce duk abin da na tuna.

Safiyar ranar da ya ɓata sau huɗu ya tambaye ni ina Mama. Na makara, ruwa ya ɗauke, ya zubar da shayi a rigar da na goge masa. Sai ya sa kwat ya ce za shi gida, ana jiransa, yau akwai gwajin kiɗa. Ina neman takalmina. Ya sake tambaya.

Na faɗa masa. Duka biyun na faɗa masa, da rasuwarta da rushewar unguwar. Da ƙarfi. Har da shekarun.

Ya zauna a bakin gado. Ya ce, "To."

Ban tuna na juya mukulli ba.

Talata, 18 ga wata, 1:30 na rana

Wuyan riguna sun ƙare. An ba mu aljihu.

Alhamis, 20 ga wata, 5 na yamma

Hoton bidiyon ranar Asabar yana yawo a wayoyi. Abokan aikina sun nuna mini, ga ni a gefe da hoton Baba, baki a rufe. Wayata ba ta huta ba. Wani ya ce ya gan shi a masallaci, wani a mashaya, wata ta ce ta yi mafarkinsa. Wani daga gidan rediyo yana son su Gwaggo su zo a yi hira da su kan tarihin unguwar. Wani kuma ya kira don kawai ya gaya mini ubansa ɗan layin sinima ne, ya yi kuka, na saurare shi har ya gama.

Kwano ɗaya na zuba yau. Sai da na cinye na lura.

Asabar, 22 ga wata, 10:20 na safe, a mota

Wata nas ta kira daga asibitin wani gari, tafiyar awa ɗaya da rabi. Ta ce ba ta so ta sa mini rai. Suna da wani tsoho a gado na tara, kwana goma sha ɗaya, babu suna, ba ya amsa tambaya. Jiya tana kallon bidiyon a wayarta a bakin ɗakin, sai ta ji ana fito. Ta tsayar, fiton ya tsaya. Ta sake kunnawa. Ta ce, "Ba tare da su yake yi ba. In sun yi shiru ne yake shigowa."

Na ce ina zuwa. Na kashe risho, na kulle ƙofa, na koma na duba, na sake komawa.

Asabar, 4 na yamma

Shi ne.

An aske masa kai. Akwai ɗinki bakwai a goshinsa, ƙafafunsa duka a naɗe. Ya rame har robar shaidar asibiti da aka ɗaura masa a hannu tana zamewa. Wani direba ne ya tsince shi a gefen babbar hanya ya kawo shi, bai bar suna ba. Babu kwat, babu takalmi, babu akwati. Kwana takwas ɗin farko ba wanda ya san inda ya yi su. Na tambayi likita, ya ce wataƙila ba za mu taɓa sani ba.

Na ce, "Baba." Ya kalle ni yadda ake kallon mai kawo magani, ya buɗe baki.

Na zauna ina jiran in ji wani abu. Nas ɗin tana share hawaye, ni ina karanta takardar da ke rataye a ƙarshen gado.

Lahadi, 23 ga wata, 8 na safe

Na gaya wa Yaya. Na ji ya faka motar. Na gaya wa Gwaggo. Ta ce, "Na ce miki latti ya yi." Sai ta ajiye wayar ba sallama, ina jin ta tana kiran sunan Mama.

Laraba, 26 ga wata, 3 na rana

Shugabar layi ta ba ni mako biyu. Ina kwana a kujera. Ya fara cin abinci in ni na ba shi. Likita ya ce ƙafafun za su warke, sauran kuma kada mu matsa masa.

Bai tambayi Mama ba. Tun da na zo, ko sau ɗaya.

Juma'a, 28 ga wata, 5:30 na yamma

Kawu da Gwaggo sun zo, mai jita ya rako su. Baba ya gaishe su da ladabi, kamar baƙi. Gwaggo ta ce, "Kai, ɗan rainin wayo, shekara hamsin ina rufa maka asiri in ka yi kuskure, yau ni ce baƙuwa?" Ya yi murmushi don ya ga ana murmushi.

Kawu ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado da zobensa, a hankali. Ina riƙe da hannun Baba na dama. Sai na ji yatsu uku suna danna mini wuyan hannu, ɗaya, biyu, ɗaya da uku tare, yadda yake danna maɓallan ƙahonsa. Idonsa yana kan taga.

Da za su tafi Gwaggo ta ce Litinin za su gidan rediyo, wai ana so a ɗauki waƙoƙin duka kafin su ma su fita da akwatunansu. Ta ce in zo, na san amshi. Na ce zan gani.

Lahadi, 30 ga wata, 11:40 na safe

Gobe za a sallame mu.

Ina yanke masa farce, rana ta shigo ta taga har kan bargo. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, da muryarsa sosai, irin ta da, "'Yan mata, ke 'yar gidan wa ce?"

Shekarata hamsin. Na ce, "Gidan mai ƙaho."

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Allah sarki. Ai na san shi. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya zama a gida." Ya miƙo mini ɗaya hannun da ban yanke ba. "In kin koma ki gaishe shi."

Na ce, "Zai ji."